Takardar Gwajin Kunnen Miriyam

Kagoro, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga Anti Rosemary,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Ina fata kina lafiya. Ya aikin asibiti? Mu ma muna lafiya, sai dai Mama da ciwon bayanta. Ni ce Afiniki. Na ba Baba Mijinyawa direba wannan wasiƙa, don ya ce kullum yana wucewa ta ƙofar asibitinku. Ban kira ki ba saboda waya a aljihun Babana take kwana, kuma ni ban iya magana a waya ba.

Anti, Baba ya ce Miriyam ba za ta koma makaranta ba bayan Kirsimeti. Ya ce da an gama bikin Afan zai kai ta Nok wurin Kaka, ta riƙa taya ta shanya citta, tunda boko ya ƙi ta. Shekararta shida da rabi kawai.

Malama Stella ta sake aiko ta gida da takarda, karo na uku ke nan. Ta ce ana karatu Miriyam tana kallon taga, in aka tambaye ta sai ta yi ta kallon bakin mutum. Da ina firamare muna tafiya tare, lokacin tara ina maimaita mata abin da aka koya. Yanzu da na shiga sakandare ba kowa a wurinta.

Mama ta roƙi Baba. Sai ya buɗe littafin waƙoƙinsa ya fito da takardar nan ta masu gwajin kunne da suka zo majami'armu a watan Yuli. Ya ce likitoci sun ce kunnenta lafiya lau, to saura me in ba taurin kai ba? Ya ce shi da yake koya wa mutum arba'in waƙa a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, 'yarsa ta cikinsa ba ta iya riƙe layi ɗaya, har mata suna yi masa dariya. Tun daga Yuli duk ranar da ta yi kuskure sai ya ɗauko tsumagiya. Da ba ya dukanta haka.

Don Allah Anti, ke nas ce, ki yi masa magana. Kuma kada ki yarda da takardar nan sosai.

Ki gaida Kawu Patrick.

'Yarki,
Afiniki Boaz


Kafanchan, 19 ga Nuwamba

'Yata Afiniki,

Na amsa gaisuwarki, na gode. Kawunki ma yana amsawa.

Ke dai ba ki da dama. Jiya na hau mashin na zo har gida saboda wasiƙarki, sai kika shige kicin kika yi ta wanke tukunya ɗaya har na tafi. Tukunyar nan ta ga ta kanta. To, tunda bakinki a biro yake, mu ci gaba da biro.

Na yi magana da babanki. Kin san shi, ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya miƙo mini takarda. Na duba ta da kyau. Da na'ura ta gaske aka yi gwajin, kuma kunne biyu duk sun ci. Na kira Miriyam daga bayanta a hankali, ta juyo nan take.

Amma layinki na ƙarshe ya tsaya mini a rai. Me ya sa ba zan yarda da takardar ba? Me kika sani? Ban haife ki ba amma ni na fara yi miki wanka, ba za ki ɓoye mini ba.

Kuma ki rubuto mini wannan dalla-dalla: yaushe Miriyam take ji, yaushe ba ta ji? A wane wuri, wa ke magana, me ke ƙara a kusa? Kada ki ce mini “wani lokaci.” Ki ba ni ranar da abin da ya faru.

Allah ya tsare ki.

Antinki,
Rosemary


Kagoro, 23 ga Nuwamba

Zuwa ga Anti Rosemary,

Ina gaishe ki da kyau. Ki yi haƙuri da na ɓuya. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun na yaga.

Anti, ba Miriyam ce ta ci gwajin nan ba. Ni ce.

Tun tana shekara uku na gane ba ta bin sujada a majami'a. Da an kunna lasifika, ganguna sun tashi, sai ta rikice. Kowa ya zauna ita tana tsaye, ana addu'a idonta a buɗe. Baba yana gaba yana kallo. Sai na riƙa zama kusa da ita, ina taɓa diddigenta da babban yatsan ƙafata. Taɓawa ɗaya ta tashi, biyu ta zauna, in na danna ta ce Amin. Ba wanda ya koya mana, kuma ba wanda ya sani, ko Mama.

Ranar gwaji Mama tana taron Zumuntar Mata, ni na kai ta. A layi na ji wasu mata suna cewa duk yaron da ya faɗi za a rubuta sunansa a kai shi makarantar kurame, can nesa, sai hutu yake dawowa. Da muka shiga ɗakin Fasto, mai gwajin ya sa mata hedifon a kunne ya ce duk sa'ad da ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta fara kuka, sai ya ce in zauna a benci in riƙe ta a jikina. Daga inda nake ina ganin yatsansa a kan maɓalli. Duk lokacin da ya danna, sai in taɓa ta, ita kuma ta ɗaga hannu. Har ƙarshe. Ya ce yarinya mai wayo, ya ba ta alewa.

Na koma gida ina murna na cece ta. Bayan kwana biyu Baba ya aike ta ta kawo masa kofi da cokali da tabarau, ta dawo da kofi kaɗai, ya fito da takardar, ya dake ta. Ina tsaye da tsintsiya a hannu. Haka nake tsayawa kowane lokaci. In ya gama wurina take gudowa, ni nake shafa mata man kaɗanya a ƙafa. Ina ganin kurma ce, Anti, ko ta kusa, kuma saboda ni ake dukan kurma don ba ta ji ba.

Ga amsar abin da kika tambaya. Tana jin mashin ɗin Baba tun yana kwanar kasuwa, kafin kowa. Ran Talata ina buɗe ledar biskit a ɗaki a ɓoye, tana bayan gida, sai ga ta. In mu biyu ne a rafi, tana jin komai, har tatsuniya take maimaita mini. Amma in rediyo yana yi, ko janaretan maƙwabta, ko ruwa yana dukan kwano, sai ta zama kamar ba ta nan. Ajinsu yara sun fi sittin, kujerarta a baya kusa da taga, kuma injin niƙa yana bayan katangar. In aka faɗa mata abu uku a jere, na farko kawai take kamawa. In ta dawo daga makaranta takan kwanta kamar wadda ta yi noma. Ni ma ban gane yadda kurma take jin leda ba.

Don Allah kada ki faɗa wa Baba.

'Yarki mai laifi,
Afiniki


Kafanchan, 26 ga Nuwamba

Afiniki,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki a wurin aiki, sai da na fita waje na zauna. Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba. Gwajin asibiti ba jarrabawar aji ba ce da ake satar amsa. Sannan na tuna shekarunki, na tuna matan layin nan masu bakin da ba ya hutawa, fushin ya koma kansu.

Yanzu ki saurara. Akwai wata Madam Doreen, ƙwararriya a kan ji, tana zuwa nan daga Jos sau ɗaya a wata da kayan aikinta. Na karanta mata ƙarshen wasiƙarki a waya, ban faɗi sunanki ba. Ta yi dariya a wurin biskit, sannan ta ce duk wanda ya rubuta wannan ya yi mata rabin aiki. Ta ce a kawo yarinyar ran 14 ga Disamba. Ba ta ce kurma ce ba, ba ta ce ba kurma ba ce.

Ga inda gizo yake saƙa. Ba za a gwada yarinya ba sai da yardar ubanta, kuma babanki zai ce an riga an gwada. Ni ba zan yi masa ƙarya ba, ba kuma zan tona miki ba tunda kin roƙe ni. Ke kaɗai za ki iya kashe takardar nan. In kin yi shiru, Miriyam ta tafi Nok a Janairu. Kaka za ta so ta, za ta ƙoshi, amma ke ma kin san daga shanyar citta ba a cika dawowa aji ba.

Zai yiwu ya dake ki. Ban yi miki alkawarin ba zai yi ba. In kina so in zo in zauna kusa da ke, ki aiko Mijinyawa, ko ina bakin aiki zan nemi wadda za ta riƙe mini.

Ina yi miki addu'a.

Rosemary


Gida, 3 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Baba, ina gaishe ka da ladabi. Ni ce Afiniki. Ka yi haƙuri da na sa takarda a cikin littafin waƙoƙinka alhali muna gida ɗaya. Sau huɗu na zo bakin ƙofarka na koma.

Takardar kunnen Miriyam ba gaskiya ba ce. Ranar gwaji ni na riƙa taɓa ƙafarta duk lokacin da mutumin ya danna na'ura, shi ya sa take ɗaga hannu. Na ji tsoro za a kai ta makarantar kurame. Haka kuma nake yi mata a majami'a shekara uku ke nan, don kada ka ji kunya a gaban kwaya. Ita ba ta san laifi ba ne. Mama ba ta sani ba.

Duk dukan da ta sha tun Yuli nawa ne. Ina kallo ban yi magana ba.

Anti Rosemary ta ce wata likita za ta zo Kafanchan ran 14. Ina roƙonka ka bari a sake gwada ta kafin ka kai ta Nok. Ni ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama.

'Yarka,
Afiniki


Kagoro, 5 ga Disamba

Zuwa ga Sista Rosemary,

Alheri da salama na Ubangijinmu su kasance tare da ke da maigidanki.

Bayan gaisuwa, na sami wata takarda a cikin littafina ranar Lahadi, ina tsaye gaban ikilisiya zan ba da waƙar buɗewa. Na tabbata kin san abin da ke ciki. Na rubuto maimakon in kira domin ba na so a ji muryata a kan wannan magana.

Zan kawo Miriyam ran 14 da kaina, tare da uwarta. Afiniki ba za ta zo ba. Za ta zauna a gida, domin a wannan karo ina so in ga hannun yarinyar yana tashi babu ƙafar kowa a kusa. In an ce kurma ce, zan nemi makarantar da ta dace da ita. In an sake cewa kunnenta lafiya, maganar Nok tana nan, kuma ina roƙo kada a ƙara tayar mini da ita.

Ban taɓa Afiniki ba. Ban kuma iya yi mata magana ba tukuna.

Naki cikin Ubangiji,
Boaz Azariya


Kafanchan, 15 ga Disamba

'Yata Afiniki,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san tun jiya kina leƙen fuskokinsu, kuma na san ba za ki tambaya ba. Ga yadda aka yi.

Madam Doreen ta fara leƙa cikin kunnuwan da fitila, ta tambayi mamanki ko yarinyar ta taɓa ciwon kunne. Mamanki ta ce ta yi ruwan kunne sau da yawa tana shekara biyu. Sannan aka zaunar da Miriyam ita kaɗai a kujera, ƙafafunta ko ƙasa ba sa taɓawa, aka juya na'urar yadda ba mai ganin maɓalli. Afiniki, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Har ƙarar da ni ban ji ba da aka gwada mini, ita ta ɗaga hannu. Takardar Yuli gaskiya ta faɗa. Da ƙafarki da babu, haka za ta fito.

Babanki ya miƙe ya ɗauki hularsa. Madam ta ce Malam zauna, yanzu muka fara.

Ta sa murya a hedifon tana faɗin kalmomi da Hausa, Miriyam tana maimaitawa. A shiru ta kawo kusan duka. Sai aka ƙara hayaniya a bayan muryar, kamar ta kasuwa, ba ma da ƙarfi ba. Nan take yarinyar ta fara zare ido tana neman bakin da za ta kalla. Cikin ashirin ta kawo shida. Aka riƙa faɗin lamba ɗaya a kunnen dama, wata dabam a na hagu lokaci guda, na hagun kusan duk suka ɓace mata. Tana ƙoƙari har gumi ya fito mata a hanci. Babanki yana gani.

Madam ta tambaye shi aikinsa. Da ta ji kwaya, ta ce in mutum arba'in suna waƙa ɗaya ya kauce, yana ganewa? Ya ce ko da ido a rufe, kuma yawanci wani Gilbert ne. Ta ce to wannan ba aikin kunne ba ne. Kunne yana kwaso komai ne, da acca da yashi, a cikin kai ake rairayewa. Shi Allah ya ba shi wannan da yawa. Miriyam tana kwasowa daidai, wurin rairayewar ne take wahala. Sai ta sa masa hedifon, ta ƙara hayaniyar har ta kusa rufe muryar, ta ce ya maimaita. Ya kawo biyu kawai. Ta ce masa, “Kusan haka ajinta yake mata, tun safe har a tashi.” Ya cire abin a hankali ya ajiye a tebur, ya fita. Na same shi a gindin mangwaro.

Kada ki ɗauka an gama. Madam ta ce ba za ta sa wa abin suna a takarda ba sai yarinyar ta wuce shekara bakwai, don a shekarunta kai bai gama nuna ba, kuma dole a duba ko akwai wani abu dabam, kamar rashin natsuwa ko jinkirin harshe. Za a maimaita a watan Yuli. Ba magani na sha. Ta rubuta wa makaranta a dawo da ita gaba, nesa da taga, a riƙa kiran sunanta kafin a yi mata magana, abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Ta kuma ba da fom mai tambayoyi talatin, ta ce wanda ya fi sanin yarinyar ya cika. Mamanki ta amsa kaɗan. Babanki ya duba ya duba, ya ce a kai wa Afiniki. Ga shi na haɗo. Kalmar da ba ki gane ba ki ja mata layi.

Sauran magana. Ba ke kika jawo dukan ba, takardar da ma haka za ta ce. Amma ba zan wanke ki tas ba. Shekara uku kina rufe abin da ya kamata manya su gani. Ni kuma da nake nas, na kira ta a tsakar gida shiru, ta juyo, na ce shi ke nan. Kowa ya ɗauki nasa.

Game da Nok, bai ce komai ba. Kin ga sharaɗin da ya kafa, kuma kunnen ya fito lafiya. Ban san inda zai faɗi ba.

Antinki,
Rosemary


Kagoro, 4 ga Janairu

Zuwa ga Anti Rosemary,

Barka da sabuwar shekara. Ga fom na cika, na ja layi a wuri biyu.

An gama Afan ba wanda ya yi maganar Nok, ba wanda ya yi maganar makaranta. Mama ta wanke kayan Miriyam duka ta ninke, don ba ta san wanne za a ɗauka ba.

Jiya da rana ina tankaɗe, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Rabon da ya yi mini magana tun Disamba. Ya ce in nuna masa yadda nake yi in ina so ta ji ni. Na ce a kashe rediyo tukuna, a zo gabanta, a sauko daidai tsayinta, a kira sunanta, a jira ta kalle ka.

Ya kashe rediyon. Ya je inda take wasa da murafen kwalba, ya durƙusa. Da ta ga ya matso kusa haka, sai ta ɗaga hannu biyu ta kare kanta. Anti, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ni ma na kasa kallo, don na san tun yaushe ta koyi wannan, kuma ina wurin.

Bai tashi ba. Ya sa hannuwansa a baya, ya jira. Ya daɗe a durƙushe. Da ta sauke hannun ta kalle shi, sai ya ce, “Miriyam. Kawo takalmin makarantarki.”

Ta ruga ta kawo. Ya juya shi ya ga inda ya ɓalle, ya ce zai kai wa mai gyara, Litinin ba nisa.

Ki gaida Madam Doreen in ta zo.

'Yarki,
Afiniki